Mutumin da Ke Bayan Giwan Ruwa

Kafin in shiga wannan babi, ya kamata in gaya muku, ku 'ya'yana, cewa ban amince da ƙwaƙwalwata gaba ɗaya ba. Abin ya ɗan jima, kuma na ba da labarin a zaure sau da yawa, har wani lokaci nakan kasa raba abin da idona ya gani da abin da bakina ya saba faɗi. Maganganun da zan sa a bakin mutane, ma'anarsu na riƙe, kalmomin kuwa mai yiwuwa na sauya wasu. Amma na ga wajibi ne in rubuta, domin na ji yadda zancen ke yawo a dangi, har wata daga cikin jikokin Inna ta tambaye ni ko gaskiya ne ni na hana a nemo Yaya Lawal. Ban hana ba. Ga yadda aka yi, iya sanina.

Yaya Lawal shi ne ɗan farin Inna, ni ke bi masa. Ni aka sa makaranta har na kai jami'a, na dawo na kama aiki a sashen noma a nan Yelwa, shi kuma ya gaji Baba a ruwa, da kwalekwalensa da ragarsa. Wata damina ya fita shi kaɗai duba raga, hadari ya taso, bai dawo ba. An samu kwalekwalen a kife kusa da wani gungu, wato tsibiri, shi ba a same shi ba. An nema har masu nema suka gaji. Matarsa Hajara ta zauna a gidanmu tana jira, ta cika shekarun da shari'a ta ce a jira, alƙali ya yi hukunci, ta yi takaba, daga baya ta auri Malam Garba tela, mai shago a bayan kasuwa. Mutum ne mai tsoron Allah, mai ƙarancin magana. A shekarar da nake ba ku labarinta suna da 'ya'ya biyu, suna zaune lafiya, kuma Hajara ba ta daina zuwa gaida Inna ba.

A wannan shekarar ce na sayi wayar da kuka sha yi mini dariya a kanta. Likita ya ce jinina ya hau, in rage tunani. Ban san yadda ake rage tunani ba, sai wani abokin aikina ya nuna mini wasan tseren mota a wayarsa, ya ce in gwada. Ni da ko keke ba na gudu da shi, sai ga ni ina tuƙa mota cikin duwatsu, kuma abin mamaki, in ina yi nakan manta da damuwa. Amma tsohuwar wayata allonta ƙarami ne, dishi-dishi, in motar ta yi gudu sai ta riƙa jan jela a bayanta, in na fita rana kuwa sai in ga fuskata kawai a gilashin. Na yi niyyar sauyawa, kuma kun san halina, ba na sayen ko buta sai na yi bincike. Na daɗe ina karatu a kan allon waya, wanda samari ke cewa sikirin. A nan na fahimci cewa hoton da muke gani ɗigo-ɗigo ne na haske, a jere kamar saƙar tabarma. In ɗigon suna da yawa kuma ƙanana, hoto ya fito tas kamar saƙar hannun gwana, in kuwa kaɗan ne manya, sai ka riƙa ganin gwiwa-gwiwa a gefen komai. Na koyi cewa akwai ƙarfin haske, wanda ke sa a iya gani a rana, akwai kuma saurin da allon ke sabunta hoto, wanda ke hana mota jan jela. Na bi shagunan Yelwa ina riƙe wayoyi a hasken ƙofa ina karkata su, har masu shagon suka fara ɓoye fuska in sun hango ni.

Mahaifiyarku Hauwa ta ce, "Malam, lokacin da ka zo neman aurena ko rabin wannan binciken ba ka yi ba."

Na ce, "Ke ai ba a canza ki in an ga matsala, shi ya sa ban so in gano ba."

Ta ce, "To ka saya ka huta, mu ma mu huta."

Na saya. Allonta faɗi gare shi, launi kamar a taɓa. Tsohuwar kuma na ba Inna, tana sauraren wa'azi da ita.

Ba a daɗe ba wani bidiyo ya shigo gari. An kama wani giwan ruwa a wata kasuwar kifi can ƙasan babban tafkin nan namu, kifin ya kusa tsawon mutum, maza sun ɗaga shi ana ihu ana dariya. Kowa na tura wa kowa. Wata maƙwabciyarmu ta kawo wa Inna don ta ga kifin, ta ce tun zamanin Baba ba a ga irinsa ba. Inna ta kalla, ta ce a sake. Aka sake, ta ce a sake. Maƙwabciyar ta ɗauka kifin ne ya burge ta, sai a karo na gaba ta lura ba kifin Inna ke kallo ba. Can baya, bakin ruwa, akwai wani mutum da ya sauko daga jirgi da kwando a kafaɗa, ya juyo ya dubi masu ihun, ya wuce. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Maƙwabciyar ta yi salati, ta ce wannan ba Lawal ba ne? Kafin la'asar duk unguwa ta ji. Kafin a kwana biyu an ce an gan shi a kudu ya yi aure, an ce aljanun ruwa ne suka riƙe shi suka sake shi, an ce hankalinsa ne ya gushe ya manta gida.

Aka sa wa Inna bidiyon a tsohuwar wayata, ta aiko in zo. Ku da kuka taso yanzu sai in yi muku bayanin wani abu. Inna mutuniyar da ce, tana yi wa ɗan fari kunya yadda aka yi mata tarbiyya. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunan Yaya Lawal ba. Sai dai ta ce "wancan", ko "mai jirgi". In ya shigo gaida ta, kawar da kai take yi ta amsa tana kallon bango. Kakarmu ce ta rene shi. Ko ranar da aka samu kwalekwalen a kife, Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta shiga ɗaki ta ja labule, ta fito ta ɗora sanwa. Mu muna ganin haka dattako ne, kuma dattakon ne. To ranar da na shiga na same ta zaune kan tabarma ta riƙe wayar da hannu biyu dab da fuskarta, tana kallon mutumin nan ba ta ko ƙiftawa. Tana ganina ta kife wayar a cinya, kamar na kama ta da laifi.

Ta ce, "Sani, an ce wayag ga taka tana ganin abin da sauran ba su gani. Duba muna wanga mutum."

Na karɓi bidiyon a wayata. Na yi tsammanin da zarar ya hau babban allo magana ta ƙare. Abin da ya faru akasin haka ne. A ƙaramin allon Inna mutumin ya yi kama da Yaya Lawal ƙwarai, tsawonsa, faɗin kafaɗarsa, yadda ya karkata kai. A nawa allon kuwa, da hoton ya buɗe ya yi girma, sai fuskar ta watse ta zama murabba'ai-murabba'ai, kamar an shafa kunu a kan gilashi. Na tsayar da shi, na ja da yatsa na ƙara girma, ya ƙara lalacewa. Akwai duhu a kumatunsa, amma ba a gane ko gemu ne, ko inuwa, ko rama. Na ƙara haske, na rage, na juya wayar a kwance. Inna na jira, matan gida sun cika ƙofa.

Na ce, "Inna, zai yiwu shi ne. Zai kuma yiwu ba shi ba ne."

Ta ce, "Wanga ai ni ma na sani, ban kuwa je jami'a ba."

Aka yi dariya a ƙofa, ni ban yi ba. Gaskiyata na faɗa, kuma har yau ina ganin ba zan iya faɗin fiye da haka ba a ranar. Sai dai ban lura da cewa "zai yiwu" ɗin nan tawa za ta fita daga gidanmu ta zama shaida ba. Aka riƙa cewa ai ƙanensa ma, mai digiri, ya duba a babbar waya ya ce zai yiwu.

Wadda abin ya faɗa wa ita ce Hajara. A kasuwa mata suka fara ce mata matar Lawal, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Uwar Malam Garba ta ce ɗanta ba zai zauna da matar wani ba. Malam Garba ya je wurin malamai, suka ce masa aurensa na nan daram, ko da Lawal ya dawo, tunda an bi ƙa'ida. Ya ji, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya ce shi ba zai iya shiga ɗakinta ba alhali ana cewa mijinta na farko na tafiya da ƙafafunsa a wani gari. Ya koma kwana a shago. Hajara ta ga haka, ta kwashi yaranta ta tafi gidan gwaggonta. Ba a yi saki ba, amma kowa ya san in abin ya ja, can za a ƙare, don uwar mijin ba ta yi shiru ba.

Wata safiya ta zo gidana. Da can tsakanina da ita wasa ne irin na matar wa da ƙanen miji, ba ta kira na sai "maigida ƙarami", kuma ko bayan ta yi wani auren ba ta daina ba. Ranar ba ta kira ni haka ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Hauwa, ta ƙi shan ruwa.

Ta ce, "Malam Sani, na jira shi, kai shaida ne. Ban cire ƙafa daga gidanku ba sai da alƙali ya ce in cire. In yana raye, wallahi ina murna, uwa ta samu ɗanta. Amma a gaya mini. In shi ne a ce shi ne, in ba shi ba ne a ce ba shi ba ne. Wannan zai yiwu ɗin taka ita ta raba ni da ɗakina."

Na ce mata hoton ne bai fita ba.

Ta ce, "To wayar mi ka saya? Hauwa ta ce har ƙurar tayar mota kana gani a ciki."

Wannan tambayar ce ta tsaya mini. Me ya sa wasan mota ke fita tas, bidiyon da na ɗauka da kaina ke fita tas, wannan kuwa ya ƙi? Na yi gwaji. Na ɗauki mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida, tana cewa in kawar da abin nan daga kanta. A allona har zanen ɗankwalinta ana gani. Na tura wa abokin aikina, na ce ya adana ya tura wa wani, wancan ya tura wa wani, a zagayo da shi a dawo mini. Da ya dawo, Hauwa ta duba ta ce wace ce wannan tsohuwar. A nan na gane. Duk sanda bidiyo ya bi ta wasu hannayen, akan matse shi don ya yi sauƙin tafiya, a zubar da wasu ɗigon, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Allo mai kyau ba ya ƙirƙiro abin da babu, sai dai ya nuna maka a fili cewa babu. Ƙaramin allo kuwa yana ɓoye ramukan, ido ya cike su da abin da zuciya ke so. Wato fuskar mutumin nan tana nan cikakkiya a wuri guda kawai, a wayar wanda ya ɗauka tun farko, in bai goge ba.

Yanzu kun gaya mini akwai hanyar tura bidiyo ba tare da an matse shi ba. A lokacin ban sani ba, kuma ko na sani, ban san wanda zan ce ya turo ba. Sai na fara bin sawu a baya. Maƙwabciyarmu ta ce ɗanta ya ba ta. Ɗan ya ce wani ɗan acaɓa ne a tasha. Ɗan acaɓan ya yi ta tunani, ya ce kamar wani mai sayen kifi ne daga Warra. Na ɗauki hutu a wurin aiki, abin da ban saba ba, na tafi Warra ranar kasuwa. Mai sayen kifin ya ce direban wani jirgi ya tura masa. Na lura duk matakin da na koma baya, hoton na ɗan ƙara fita, amma bai kai a yanke hukunci ba. Direban jirgin ya ce wanda ya ɗauka wani ɗan kasuwa ne mutumin wajen Shanga, mai sayen busasshen kifi, kuma a lokacin yana wata tungar masunta a hayin ruwa, inda ba sabis, zai yi kwanaki can yana haɗa kaya.

A nan na tsaya. Tun ranar da aka samu kwalekwalen Yaya Lawal ban sake shiga jirgi ba. Ko aiki ya kai ni hayi, nakan nemi wani ya je. Na dawo gida na ce ko a jira ɗan kasuwan ya fito. Hauwa ta ce in ya goge kafin nan fa? Ta ce ita ta san wayoyin 'yan kasuwa, kullum a cike suke, kullum ana share su. Washegari da hantsi sai ga Malam Garba a ƙofar gidana, da hularsa da 'yar jakarsa. Ya ce ya ji inda na kai, zai bi ni, don yana so ya gani da idonsa.

Muka shiga jirgin a Warra, mai inji, cike da mata da kwanduna da babur guda a tsakiya. Na nemi rigar ruwa mai hana nitsewa na ɗaure ta har wuya, wata tsohuwa ta dube ni ta ce Alhaji ko yaƙi za mu? Na riƙe katakon gefe da hannu biyu, na sa wayar a leda na cusa cikin riga. Ruwa a kwance yake, amma ban iya kallonsa ba. Malam Garba na gefena yana jan carbi. Mun yi nisa, gaɓar ta zama zare, sai ya matso.

Ya ce, "Malam Sani, tun jiya nake son in yi addu'a, na rasa abin da zan roƙa."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "In na ce Allah ya sa ba shi ba ne, na roƙa wa ɗan'uwanka mutuwa ke nan. In na ce Allah ya sa shi ne, ka san abin da na roƙa wa kaina."

Na ce masa ya roƙi Allah ya sa mutumin bai goge ba, sauran ba namu ba ne. Ya yi 'yar dariya, ya ce wannan zai iya. Ban san ko maganar ta taimake shi ba, amma ni ta taimake ni, don na samu abin faɗi har muka isa.

Mun sami ɗan kasuwan a bakin ruwa yana ɗaure kwalaye. Mutum ne mai fara'a, ya yi mamaki ƙwarai da jin cewa kifinsa ya ta da hankalin wata unguwa a Yelwa. Ya ce shi ko lura bai yi da akwai mutum a baya ba. Ya laluba wayarsa, ya wuce hotunan buhuna da na 'ya'yansa, ya daɗe yana nema har na fidda rai, sai ya ce ga shi. Rana ta take, allonsa ya yi duhu ba a ganin komai. Na roƙe shi ya zuba mini kai tsaye daga wayarsa zuwa tawa, yadda ake yi in wayoyi na kusa, ba ta hanyar da ake matsewa ba. Ya ɗauki lokaci, don bidiyon nauyi gare shi. Muka koma ƙarƙashin wata rumfa da ake banda kifi, na ƙure haske, Malam Garba ya sa kansa dab da nawa.

Wannan karon har ɓawon kifin ana ƙirgawa. Ruwan da ke ɗiga daga jelarsa ana gani. Mutumin ya sauko daga jirgi da kwandonsa, ya juyo, na tsayar. Na ja da yatsa, fuskar ta girma, ba ta watse ba. Duhun da muke gani a kumatunsa tsaga ce, dogaye, jere daga gefen ido zuwa haɓa, irin wadda ba a yi a gidanmu. Yaya Lawal fuskarsa ba aska ko ɗaya. Kuma wannan saurayi ne, da ƙyar in ya kai shekarun da Yaya ke da su ranar da ya ɓace, balle a ƙara waɗanda suka wuce. Tsawon ne kawai, da kafaɗar, da karkata kan.

Malam Garba ya zauna a ƙasa cikin toka, ya rufe fuska da hularsa. Ni kuma na tsaya riƙe da wayar. Ashe duk binciken nan da nake yi, ina cewa gaskiya nake nema, akwai wani ɓangare nawa da ya riga ya fara tunanin ɗakin da za a gyara wa Yaya. Ɗan kasuwan ya rasa wanda zai yi wa jaje da wanda zai yi wa barka, ya kawo mana ruwa a kofi ɗaya.

Da muka dawo na kwana ina saƙa yadda zan gaya wa Inna. Na shirya kalmomi masu taushi, cewa bisa ga dukkan alamu, cewa kusan za a iya cewa. Da safe na gwada su a gaban Hauwa.

Ta ce, "Malam, ka gani ko ba ka gani ba?"

Na ce na gani.

Ta ce, "To ka je ka ce ka gani. Kusan ɗin nan ka bar shi a nan gida, zan ajiye maka."

Na sami Inna ta idar da walaha. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ba shi ba ne." Ban ƙara komai ba. Ta miƙo hannu, na ba ta wayar, fuskar saurayin na tsaye a allon. Idon Inna ya fara rauni a lokacin, amma wannan hoton ko mai raunin ido zai gani. Ta dube shi ta daɗe. Ta kai yatsa ta bi tsagar daga sama zuwa ƙasa. Ta mayar mini.

Ta ce, "Na gani. Ɗan wasu ne. Allah ya raya musu."

Ta tashi ta ɗauki mayafi. Na tambaye ta ina za ta, ta sa takalmi ta fita. Daga baya na ji cewa gidan gwaggon Hajara ta je, ta ce mata ta ɗaure kayanta. Ta riƙo hannun ƙaramin yaron, ta bi da su ta tsakiyar kasuwa, ba ta bayan gari ba, har ƙofar shagon Malam Garba. Waɗanda ke wurin sun ce ta ɗaga murya yadda maƙwabtan shago za su ji, ita da ba a jin muryarta daga zaure.

Ta ce, "Garba, ga iyalinka. Nawa yana wurin Ubangijinsa. Wanda ya sake ce wa yarinyag ga matar wani, ya zo ya same ni."

Daga nan ta wuce gidan uwar Malam Garba, suka rufe ƙofa su biyu. Hajara ta kwana a ɗakinta a ranar, kuma tana cikinsa har yau.

Abin da ya biyo baya a tsakanina da Inna shi ne, ina jin, asalin zancen da ake yi cewa na hana nema. Ta yi sanyi da ni har ƙarshen wannan kakar. In na gaishe ta takan amsa a taƙaice, in tana da saƙo sai ta ba Hauwa. Ba ta taɓa cewa na yi laifi ba, kuma ban yi tsammanin tana ganin na yi ba. Ni ne dai na shigo da labarin, kuma fuskata ce take gani in ta tuna. Abin ya dame ni ƙwarai, jinina ya sake hawa, wasan motar ma na daina na wani lokaci. Wata rana da yamma na shiga na same ta da tsohuwar wayar dab da fuska, tana kallon bidiyon nan, dishi-dishin, wanda aka fara kawo mata. Wannan karon ba ta kife wayar ba. Na ce ko in goge mata shi, tunda an san gaskiya, kada ya riƙa tayar mata da hankali.

Ta ce, "Kar ka taɓa mini. Naka mai kyau ka riƙe abinka, ya yi aikinsa."

Na ce, "Inna, ai kin san ba shi ba ne."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nake kallo. Lokacin da yana nan ban taɓa duban fuskarsa na ƙoshi ba, ana ganina. Wanga kuwa ɗan wasu ne, ba kunya tsakaninmu." Ta matsa gefe a tabarmar. "Zauna ka ga yadda yake karkata kai."

Na zauna, muka kalla tare. A ƙaramin allon, in ba ka matsa ba, Yaya Lawal ne.

Ina gode wa Allah da ya sa ɗan kasuwan nan bai share wayarsa ba, kuma ina gode masa shi ma, ko da yake sunansa ya ɓace mini. Ina gode wa Malam Garba da ya zauna gefena a jirgi, da Hajara da ta gaya mini magana ba ta rufe ba, da mahaifiyarku da ta karɓe mini "kusan" a ƙofa. Hajara da Malam Garba suna raye, direban jirgin ma an ce yana nan Warra. In sun karanta wannan, ko aka karanta musu, suka ga inda na ƙara ko na rage, ina roƙonsu su aiko a gyara, ba zan ji haushi ba. Musamman ina neman wanda ya san abin da Inna ta gaya wa uwar Malam Garba bayan sun rufe ƙofa. Ban kasance a wurin ba, Inna ba ta taɓa faɗa mini ba har ta rasu, kuma ban so in rubuta abin da ban tabbatar ba.